Usur ɗin Na-Ƙetare

Mijin yayata bai taɓa shiga rami ba. Ni na sani, Yaya ta sani, shi ma ya sani, amma duk filin haƙar zinariyarmu babu wanda ya kai shi labarin ƙarƙashin ƙasa. Rumfa gare shi a bakin fili, yana sayar da igiya da tocila da batir da shebur, kuma duk wanda ya tsaya sayen batir sai ya tafi da labari kyauta. "A ƙetare," haka yake buɗe kowace magana, "ramin da na haƙa, in ka shiga guga bayan azahar, sai la'asar ta same ka a hanya." Ba wanda ya san wace ƙetaren ce. Da haka sunansa na yanka ya ɓace, kowa Na-Ƙetare yake ce masa, shi kuwa yana amsawa da fara'a, a zatonsa sarauta ce.

Ni aikina jan igiya. Ni da abokina Dogo muke tsaye a bakin ramin wani mai rami da ake kira Ƙosasshe, muna juya ƙarfen da igiya ke naɗewa a jikinsa, mu saukar da guga, mu jawo shi. Gugan rabin duro ne, da shi ake fito da dutse, a cikinsa mutum ke sauka. Tun da aka fara haƙa a filin, maganar da ke tsakanin na ƙasa da na sama ɗaya ce: na ƙasa ya girgiza igiya, na sama ya ji a tafin hannunsa, ya ja. Kowane rami da igiyarsa, kowace igiya da mutanenta.

Shugaban fili a lokacin wani dattijo ne da muke kira Baba. Shugabancin ba albashi, ba kujera, sai ciwon kai: raba faɗa, da tsara wanda injin jan ruwa zai je wa yau da wanda zai je wa gobe. Babban nauyinsa kuwa shi ne sauka. A sama kowa ya san iyakar raminsa, amma a ƙasa 'yan haƙa jijiyar zinariya suke bi, ita kuwa jijiya ba ruwanta da iyaka. Wata rana sai digar wannan ta huda bango ta leƙa ramin wancan. In haka ta faru, ƙa'idar fili ita ce shugaba ya shiga guga, ya sauka da kansa, ya kafa turke a inda aka haɗu, magana ta mutu a nan. Baba ya yi ta yi har gwiwoyinsa suka ce sun gaji.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga ofishin ma'adinai. Za a turo jami'i ya duba fili. Inda aka tarar da tsari da shugaban da ake jin maganarsa, a ba da lasisi. Inda aka tarar da kara-zube, a kawo katafila ta cike ramukan. Ranar hankalin kowa ya tashi, nawa ma haka. Filin nan shi ne gonarmu, shi ne kasuwarmu, in aka rufe shi ban san inda zan nufa ba.

Baba ya tara mu a gaban rumfar mai shayi, ya ce shi ya gama, wanda zai iya ya ajiye kwanonsa. Haka muke zaɓe: mai so ya ajiye kwanon wankin ƙasa a tsakiya, kowa ya jefa tsakuwa a na wanda ya kwanta masa. Manyan masu ramuka suka sunkuyar da kai, kowa yana nazarin yatsun ƙafarsa. Sai muka ji ƙwal! Kwano ne sabo fil, bai taɓa ganin laka ba, daga rumfar Na-Ƙetare.

"Baba, hutu ya kama ka," in ji shi. "Ni na ga yadda ake tafiyar da fili a ƙetare. Can in shugaba ya yi tari, injuna tsayawa suke yi su ji ko umarni ne."

Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗan daɗe a kan tumbin. "Ka dai san shugaba yana sauka?"

"Sauka? Haba Baba! Ni fa a rami na yi gemu."

Yaya, wadda ita ce babbar mata masu wankin ƙasa, ta yi wani irin tari har sai da aka bubbuga mata baya. Amma kwano ɗaya ne a tsakiya, tsakuwa kuma dole ta faɗa wani wuri. Ni ma na jefa tawa, don a gidansa nake cin abinci.

Ko zama bai yi ba ya bayyana shirinsa. "Hukuma ba ta son hayaniya," ya ce. "So take ta zo ta ga baki ɗaya ne a fili, sauran duk kunnuwa. Ku bar mini sauran. Kafin jami'in nan ya zo, ko ƙuda ba zai tashi a filin nan ba sai da izinina."

Da ƙofa ya fara. Ƙofa ce ta gaske, ta ƙarfe, har da fenti, ya sa aka kafa ta kusa da rumfarsa. Filin kuwa ba katanga, ba shinge, ta ko'ina mutum ya ga dama yake shigowa.

"Shugaba, to ai ko'ina ƙofa ce," in ji Dogo.

"Ko'ina hanya ce, nan ce ƙofa. Bambancin wayayye da baƙauye ke nan."

Sai ga mutumin da raminsa ke gaban hancinsa yana zagaye fili kaf don ya shigo ta ƙofa, shi kuwa Shugaba yana zaune yana gyaɗa kai. Abin ya tafi daidai har amalanken jakin da ke kai dutse wurin injin niƙa ya iso. Mai amalanke ya ce ba zai wuce ba. Shugaba ya ce a ƙetare motoci masu taya goma ke bin irinta. Aka tura, amalanke ya maƙale. Jakin ya ji an matse shi ta baya, ya zabura, ya tumɓuke ƙofar da turakunta, ya yi gaba da ita a kan buhuna. Shugaba ya bi shi a guje yana ihu, "Ku tare shi! Ku tare shi!"

Mai shayi ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙyale shi. Duk filin nan ba wanda ya kai jakin nan son dokarka, ga shi har gida zai tafi da ita."

Aka dawo da ƙofa a lanƙwashe, aka sake kafawa. Da wani ne da ya ɗan sassauta, amma mijin yayata ba wani ba ne. Washegari ya fito da usur a wuya, rataye da jan zare, ya hau kan duro.

"Daga yau an daina girgiza igiya. Wannan aikin 'yan kamun kifi ne. Busa ɗaya, a saukar da guga. Busa biyu, a ja. Busa uku, a tsaya cak. Duk ramukan filin nan, usur ɗaya!"

"Shugaba," na ce, "kai kana sama, ta yaya za ka san gugan wa ya cika?"

"Auta, shi ya sa kake jan igiya, ni nake shugabanci."

Ya busa biyu. Duk fili aka ja. Wani guga ya fito wayam, wani da shebur kaɗai, wani da rabin dutse. A ramin Tsinke, maƙwabcin Ƙosasshe, guga ya fito da mutum a zaune yana cin abincinsa, loma a hannu, yana tambayar wa ya mutu. Can daga baya a namu ramin 'yan haƙa suka cika guga, amma da yake Shugaba ya tafi bayan gida sai suka zauna suna hira da gugan. Masu ramuka suka fara gunaguni. Shugaba ya ce sabon takalmi ne, dole ya ɗan ci ƙafa.

Sai kuma butar mai shayi ta shigo cikin mulki. Buta ce mai kuka in ta tafasa, kuma kukanta da na usur uwa ɗaya uba ɗaya. Tana yin fiii, mu saki guga. Ta ja numfashi ta sake, mu ja. Wani ɗan haƙa ya sauka ya hau, ya sauka ya hau, har ya fito yana rantsuwa cewa shi bai taɓa shan shayi ba amma yau shayi ya sha shi. Shugaba ya zo yana huci ya haramta wa buta kuka.

"To ranka ya daɗe, in ta tafasa in ce mata me?"

"Ka sauke ta kafin ta yi magana!"

Tun daga nan muka koma shan shayi mai ɗumi-ɗumi kamar ruwan wankan jariri, kuma ba wanda ya yafe masa wannan.

Daga buta ya juya kan mata. Wurin wankinsu a gangare yake, bakin rafi, inda ruwan laka ke bin hanyarsa ba ya damun kowa. Shugaba ya ce jami'i ba zai gangara can ya ɓata takalmi ba, a dawo da su sama, su jeru a layi bayan rumfarsa, yadda ido ɗaya zai ga kowa.

Yaya ta riƙe ƙugu. "Maigida, ruwan fa? Ina zai bi?"

"Inda na ce."

"To Allah ya sa ya ji usur."

Matan suka kwashe kwanoninsu suka hau tudu, ba wadda ta yi musu, abin da ya kamata ya ba shi tsoro ke nan. Suka yi ta wanki, suna waƙa. Kafin rana ta karkata jan ruwa ya gangaro a natse, ya shiga rumfar Shugaba ta baya, ya fito ta gaba da tociloli suna iyo, ya wuce ta ƙofar ƙarfe kamar yadda doka ta tanada. Shugaba ya tsaya a ciki har idon sawu yana busa uku, yana busa uku. Dogo ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, Shugaba ya ce wannan gwaji ne na magudanar ruwa, kuma ya yi nasara.

Duk wannan dariya muke yi. Inda raina ya ɓaci da gaske shi ne ranar da na ji igiya tana rawa a hannuna, rawa mai ƙarfi, ba ta wasa ba. Shugaba yana can yana shanya batir. Ban jira kowa ba, na ce Dogo mu ja. Muka fito da wani ɗan haƙa da guduma ta faɗo masa a ƙafa, jini har cikin guga. Ana ɗaure masa ƙafa sai ga Shugaba.

"Wa ya busa?"

"Ba wanda ya busa. Mutum ne ya ji ciwo."

"Na kore ka daga fili! Ko ƙanin matata ne, doka doka ce!"

Na tafi gida, kuma ta gefen ƙofa na bi don ya gani. Korar ba ta yi nisa ba, domin da ya koma gida ya tarar da tukunya a kife, Yaya tana zaune tana tsifar kai. Ya tambayi abinci, ta ce ba ta ji usur ba. Washegari aka yi mini afuwa, amma da sharaɗi. Ya tara duk masu jan igiya a gaban jama'a, ya sa muka rantse ba za mu ƙara motsa igiya ba sai da busa.

"Ku ji da kyau," ya ce, yana kaɗa yatsa. "Ko ni kaina kuka ji ina kiranku daga cikin rami, ina kuka, ina roƙo, in ba ku ji usur ba, kada ku ja. A ƙetare haka ake gwada ma'aikaci. Wanda ya ja, ya bar filin nan har abada."

Baba, da ke zaune a gefe yana shafa gwiwa, ya ce, "Yaro, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere."

"Baba, ni ban iya gajeren rami ba."

Ranar da ake jira ta zo. Shugaba ya sha farar doguwar riga, ya ɗora rigar leda mai ƙyalli a kai, ya kafa hular kwano da ya shafa wa ruwan zinariya. Jami'in da ya yi ta shirya wa jawabi sai ga shi mace ce, siririya, da takalmin roba, ba ta da yawan magana. Ta sauko daga mota ta shigo fili ta inda ta ga dama. Shugaba ya zagayo da ita ta baya da ladabi don ta bi ta ƙofa. Ta bi, ta juya ta kalli ƙofar, ta kalli sararin da ke hagu da damanta.

Ya busa ɗaya, gugaye suka sauka. Ya busa biyu, suka hau wayam. Ya juyo yana murmushi. "Ranki ya daɗe, kin gani? Baki ɗaya, sauran kunnuwa."

Kafin ta amsa, hayaniya ta ɓarke daga cikin raminmu. Ƙosasshe ya leƙa, Tsinke ya leƙa nasa, sai suka ɗago a tare suka yi kan juna.

"Mutanenka sun huda mini bango!"

"Bangon uban wa? Jijiyata ce tun daga sama!"

Ramukan biyu sun haɗe a ƙasa, kuma daga yadda muryoyi ke tasowa, kowane ɓangare ya ɗaga diga. Jama'a suka taru. Baba ya dogara sandarsa ya matso, ya miƙa wa Shugaba turke da guduma. "Bismillah. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Mijin yayata ya ɗan ja da baya. "E to, a ƙetare, irin wannan ƙaramar magana wakili ake turawa."

"A nan shugaba ke sauka."

"Ga baƙuwa, ba zan bar ta a tsaye ba."

"Kada ka damu da ni," in ji jami'ar, karo na farko da ta yi doguwar magana. "Ƙofa da usur ba su dame ni ba. Abin da aka turo ni in gani shi ne wa ke raba faɗa a ƙasa, kuma ko ana jin maganarsa. In babu, ba abin da zan rubuta."

"Rigar ce fara..."

"Ni ke wankewa," in ji Yaya.

Ido ya raina fata. Aka ɗaga shi mutum uku aka zaunar a guga, guga ya yi ƙara. Baba ya ce ba a sauka da zare a wuya, kada ya maƙale a katako ya shaƙe mutum. Aka cire jan zaren, Shugaba ya danne usur da haƙora, ya rungume igiya da hannu biyu, turke da guduma a cinya. Ya busa ɗaya, wata siririyar busa kamar ta ɗan tsako. Ni da Dogo muka fara saki.

Hular zinariya ta nutse a hankali. Ya wuce inda hasken rana ke tsayawa, sai wani ruwan sanyi ya ɗigo daga bango ya sauka masa a ƙeya. Muka ji fir, fir, fir! Busa uku. Muka tsaya cak. Sai ihu ya biyo baya, "Wayyo Allah maciji!" Wanda ya buɗe baki ya yi ihu kuwa, abin da ke bakinsa ya tafi. Muka ji wani ɗan ƙaramin abu ya bugi bango, ya sake bugawa, ya faɗa can ƙasa.

"Auta! Ja ni! Ku ja ni!"

Na dubi Dogo. Dogo ya dubi sama. "Kai ka ji usur?"

"Ban ji ba."

"Auta, ni ne! Shugaba ne! Mijin yayarka!"

"Gwaji ne," in ji Dogo, ya juya wurin jami'a. "Ranki ya daɗe, haka ake yi a ƙetare."

A ƙasa kuwa hayaniya ta ɗauke. 'Yan haƙan da ke shirin fasa kan juna sun ga abin da ya faɗo a tsakaninsu, sun kuma gane shi. Can sai muka ji fir, fir, daga cikin rami, busa mai lafiya, ta mai cikakken huhu. Mu dai daga sama ba ma ganin bakin da ya busa. Muka ja. Hular zinariya ta fara bayyana, Shugaba yana cewa "Yauwa, yauwa, Allah ya yi muku albarka," sai fir! Muka saki. Ya koma yana salati. Fir, fir! Ya taho. Fir! Ya tafi. Daga ƙasa dariya ke tasowa, mutanen Ƙosasshe da na Tsinke suna karɓa-karɓa, har muna jin wani yana cewa, "Ba ni nan, ai layina ne." Ƙosasshe da Tsinke da kansu sun saki wuyan rigar juna, ɗaya ya dafa kafaɗar ɗaya yana share hawaye.

Aka busa uku, ya tsaya a tsakiya yana lilo. Jami'ar ta rufe baki da hannu, sannan ta gyara fuska. "Ya isa haka. Ku fito da shi."

"Ranki ya daɗe, rantsuwa muka yi," na ce. "Wanda ya ja ba busa, ya bar fili."

"Wa zai warware?"

"Wanda ya ɗaura," in ji Baba. Ya leƙa ramin. "Shugaba, jama'a na da 'yan koke-koke. Ko a bari sai ka samu lokaci?"

"Ina da lokaci! Ku faɗa!"

Mai amalanke ya fara. "Maganar ƙofa ce, ranka ya daɗe."

"An soke ƙofa! A ba jakin!"

Mai shayi ya tura kai. "Buta fa?"

"Ta yi kuka! Ta yi ta yi har ta fashe!"

Yaya ta gyara ɗaurin zane ta durƙusa a bakin rami. "Maigida, wurin wanki fa?"

"Har da ke? Ku koma rafi!"

"Ban ji ba, ramin da zurfi."

"Na ce ku koma rafi, uwar 'ya'yana, ku koma rafi!"

Sai wata murya daga can ƙasa ta ce, "Saura usur, Shugaba."

Ko a rataye, wannan ta yi masa ɗaci. Aka ɗan yi fir guda ɗaya, gajeriya, muka saki igiya kamu ɗaya tak.

"An soke! An soke usur! Kowa ya koma igiyarsa!"

Fili ya ɗauki sowa. Na kama ƙarfe zan jawo shi, don gaskiya tausayinsa ya fara kama ni, sai Baba ya dafa mini hannu. "Turke fa? Ba a kafa ba."

Sowa ta mutu. Kowa ya juya ya kalli jami'a, ita kuwa ta harɗe hannu tana kallon ramin. In ya fito da turken nan a cinya, ta ga fili mai barkwanci, amma ba ta ga shugaba ba, katafila kuma ba ta san wasa ba. Ga abincin mutum ɗari da wani abu yana lilo a cikin rabin duro, tare da mutumin da bai taɓa taka ƙasan rami ba.

Yaya ta sake sunkuyawa. Wannan karon ba tsokana a muryarta. "Maigida, kana ji na? Ka fi kusa da ƙasa a kan sama. Duk filin nan ya san ba ka taɓa sauka ba, ba yau muka sani ba, kuma ba wanda ya fasa sayen batir a wurinka. Ka ƙarasa kawai."

Muka jira. Igiya tana ɗan karkarwa a hannuna, na san ba iska ba ce. Can sai wata 'yar murya ta taso, wadda ban taɓa jin mijin yayata da ita ba.

"Auta."

"Na'am, Shugaba."

"A hankali. Don girman Allah, a hankali."

Ban taɓa saukar da guga a hankali kamar na ranar ba. Igiya ta yi sako-sako, alamar ya taɓa ƙasa. Muka ji gunaguni, muka ji wani ya ce, "Buɗe idon mana, Shugaba, nan ne wurin." Sai ƙarar guduma, ƙwam, ƙwam, da wata "wash!" a tsakani, da alama yatsa ya shiga rabon.

Sai na ji ta a tafin hannuna. Girgiza ce ta mai koyo, ba tsari, irin ta wanda ya kama igiya da hannu biyu yana roƙo da ita. Ita ce dai girgizar 'yan kamun kifi, wadda aka kore ni a kanta. Na dubi Yaya.

"Ja shi," ta ce, tana goge ido da gefen mayafi. "Ko ba komai uban 'ya'yana ne."

Ya fito ja wur da laka tun daga hula har ƙafa, takalmi ɗaya, yatsa a baki. Aka zazzage shi daga guga, ya zauna a ƙasa yana shafa ta kamar ya ga ɗan'uwa. Numfashinsa na dawowa ya ɗago kai ya dubi jami'a.

"Ranki ya daɗe, kin ga dabarar? Da gangan na jefa musu usur. In ba ka haɗa masu faɗa a kan abu ɗaya ba, ba sa shiryawa. A ƙetare..."

"Na gani," in ji ta. "Na zagaya filaye da yawa, ban taɓa ganin inda shugaba ke sauraron jama'a da sauri haka ba. Ku riƙe wannan tsarin."

Lasisi ya fito. Ba mu sauke Na-Ƙetare ba, don ya sauka ramin da kansa, kuma har yau ba wani kwano da ya fito takara. Usur yana wurin mai shayi, a rataye kusa da buta. Labarin ramin kuwa kullum ƙara zurfi yake yi, macijin ma yanzu ya kai biyu. Sai dai duk ranar taro, da zarar Shugaba ya gyara murya ya ce, "Na zo muku da wata sabuwar doka," sai Dogo ya tashi ya mirgino guga, ya ajiye shi a gefen kujerar Shugaba, ya koma ya zauna.

Shugaba ya kalli guga, ya kalle mu, ya ce, "Wato shawara ce. Me kuka gani?"